Kwamfuta biyu a gida ɗaya: yadda za ka haɗa su ba sai ka sayi data ba

Gidaje da dama a New Bell da Nylon yanzu suna da kwamfuta biyu. Akwai ta tebur, tsohuwa, wadda maigida ke ajiye lissafin shago da takardun kaya a cikinta, da hotunan biki da suna na shekara da shekaru, da karatun malamai da aka yi ta tarawa. Akwai kuma laftof ta yaro ko yarinya mai karatu a Jami'ar Duwala, ko wadda aka sayo ta hannu don tafiya kasuwa da ita. Tsakaninsu bai fi taku goma ba, amma duk ranar da ake son fayil ya tashi daga wannan ya koma waccan, sai a shiga cigiyar filash, ko mutum ya tura wa kansa ta WhatsApp.

Kowacce cikin hanyoyin nan biyu tana da abin da take ci. In ka bi ta WhatsApp, sau biyu kake biyan data, wajen ɗorawa da wajen saukewa, kuma in ba ka tura hoton a matsayin takarda ba, za a matse shi ya rage kyau. Kamar mutum ne zai miƙa wa maƙwabcin ɗakinsa goro, sai ya ba direba ya kai Yawunde ya dawo da shi. Shi kuwa filash, matsalarsa yawo. Jiya yana shagon buga takardu na bakin Marché Congo, shekaranjiya yana kwamfutar abokin yaro, yau kuma ka cusa shi a inda lissafin shagonka yake. Duk wanda ya taɓa buɗe filash ya tarar foldodinsa sun koma alamomi masu 'yar kibiya a gindi, fayilolin sun ɓuya, ya san ƙwayar cutar da nake nufi.

Alhali kwamfutocin nan suna iya magana da juna kai tsaye. Ba ruwan wannan magana da intanet. Ko da layin gidan ya ƙare ƙarƙaf, ko an cire sim daga modem, fayil zai wuce, domin bai taɓa fita daga gidan ba. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba, shi ya sa nake fara faɗinsa.

Da farko duba abin da ke hannunka. In gidan yana da akwatin intanet, na Camtel ne ko na MTN ko na Orange, juya bayansa. In ka ga ramuka masu kusurwa huɗu, sau da yawa launin ɗorawa, an rubuta LAN a kansu, to rabin aikin ya ƙare. Kebul ɗaya daga kwamfutar tebur zuwa rami ɗaya, laftof kuma ta shiga da nata kebul ɗin ko ta wifi. Akwatin shi zai raba wa kowacce adireshinta ba tare da ka taɓa komai ba. Wannan ita ce hanyar da na fi so, kuma ita nake ba kowa shawara. Ko ba ka da layin intanet a gida, tsohuwar rawuta ta hannu, wato irin wannan akwatin, da ba sim ba komai za ta yi wannan aiki daidai wa daida. Ƙaramin modem na aljihu, irin mai batir, yawanci ba shi da rami, sai dai kwamfutocin biyu su hau wifinsa. Yana yi, amma da nawa.

In ba akwati ba rawuta, kebul ɗaya tak daga ramin wannan kwamfuta zuwa ramin waccan ya isa. A da sai an nemi wani kebul na musamman da aka sarƙe wayoyinsa, wanda masu sayarwa ke cewa câble croisé. Kwamfutocin da aka ƙera cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce suna gyara wannan da kansu, don haka kada wani ya ƙara maka kuɗi a kansa. Laftof siririya da ba ta da ramin, akwai ɗan abin da ake jona mata ta USB ya ba ta shi. Abin da ba a yi shi ne a samo kebul na USB mai baki iri ɗaya gaba da baya a haɗa kwamfuta biyu da shi. Dukkansu wuta suke turowa ta wannan rami, kana iya ƙona shi.

Wajen sayen kebul nake son ka tsaya ka nutsu, domin yawancin ciwon kai daga nan yake farowa. A shagunan Akwa ko Ancien Troisième, ka ce kana son câble réseau mai kan RJ45, a duba jikinsa an rubuta Cat5e ko Cat6. Ƙa'idarsa tana kai mita 100, ba gidan da zai buƙaci haka. Auna tsawon da kake so ta bin bango, ka ƙara mita biyu. A cikin kebul ɗin akwai ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su bibbiyu. Na kirki jan ƙarfe ne zalla. Na araha kuwa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya, sau da yawa an rubuta CCA a kwalinsa, kuma in ka kankare waya ɗaya da reza za ka ga fari ya bayyana. Irin wannan yana saurin karyewa a wuyan kan, a ɓoye, inda ido ba ya gani. Araha ba ta ado. In mai shago ne zai yanko ya matse maka kawunan, kada ka bar wurin sai ya sa shi a na'urar gwaji a gabanka. Fitilu takwas ne, su kama ɗaya bayan ɗaya, daga 1 zuwa 8, a ɓangarorin biyu, ba tsallake. Dalilin nacewa a kan haka: haɗi mai gudun megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake amfani da su, mai gudun gigabit kuwa sai duka takwas. Waya ɗaya in ba ta matsu ba, kebul yana iya yin aiki, fitila ta kama, amma gudun ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin goma, kai kuma ka yi ta zargin kwamfuta.

Sai batun inda za a bi da shi. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, mafi yawansa tsakanin Yuni da Oktoba, kuma Nylon da wasu sassan New Bell a kan ƙasa mai fadama aka gina su. Wanda ya yi damina ɗaya a nan ba sai an gaya masa inda ruwa ke kaiwa a tsakar gida ba. Bi da kebul ta saman bango da 'yan ƙusoshi masu maƙalli, kada ya kwanta a ƙasa, kada ƙofa ta riƙa cizonsa, kuma kada a ɗaure shi jiki da jiki da wayar lantarki. Ita kanta kwamfutar tebur a ɗora ta kan wani abu. Raɓar garin nan tana cin ƙarfe, don haka in wata rana haɗi ya fara yankewa, zare kan kebul ka duba ko haƙoransa masu ruwan zinariya sun yi kore. Kada kuma a ja kebul ta sararin sama zuwa gidan maƙwabci ƙetaren lungu. Tsawa in ta faɗi kusa, ta nan take shiga, ta kashe ramukan kwamfutocin biyu, wani lokaci har da abin da ya fi ramukan.

Yanzu mu zauna gaban allo. Mafi yawan kwamfutocin da ake sayarwa a Duwala Windows ɗinsu da Faransanci yake, don haka sunayen da zan kawo na Faransanci ne. Mai Windows na Turanci zai tarar da komai a mazauninsa, kalmomin ne kawai suka bambanta. In kuma ka taɓa jin ana cewa a buɗe «Groupe résidentiel», manta da shi. Ya zo da Windows 7 a 2009, Microsoft ta cire shi daga Windows 10 a 2018.

Abu na farko, kowace kwamfuta ta kasance da sunanta daban. Masu gyara sukan zuba Windows iri ɗaya a kan kwamfutoci da yawa, sai ka ga biyun duk suna amsa suna ɗaya, kuma masu suna ɗaya ba sa jituwa a haɗi guda. Shiga «Paramètres», sai «Système», ka nemi wurin sake suna. Sa gajere, ba tazara ba ƙugiya, misali TEBUR da LAFTOF. Kashe ka kunna.

Abu na biyu, gaya wa Windows cewa wannan haɗin na gida ne. A «Paramètres», «Réseau et Internet», danna Ethernet ko sunan wifin gidan, ka zaɓi «Réseau privé» a maimakon «Réseau public». In aka bar shi a na jama'a, katangar tsaron Windows za ta rufe ƙofa, kwamfutar ba za ta ganu ba, kuma daidai ta yi, don haka aka gina ta. Daga nan sai ka nemi «Paramètres de partage avancés». A Windows 11 yana ƙarƙashin «Paramètres réseau avancés», a Windows 10 da 7 kuwa ta «Panneau de configuration» ake shiga, a «Centre Réseau et partage». A sashen haɗin gida kaɗai, kunna abu biyu: «Recherche du réseau» da «Partage de fichiers et d'imprimantes». Yi haka a kwamfutocin biyu. Sashen na jama'a bar shi a kashe.

A ƙasan wannan shafi akwai layin da ya fi kowanne muhimmanci, «Partage protégé par mot de passe». A kunne yake zuwa. Bidiyoyi da yawa na koyarwa za su ce ka kashe shi, ka ba «Tout le monde» cikakken iko, cikin minti biyu komai ya yi. Zai yi, gaskiya ne, amma ni ban yarda da wannan shawara ba, musamman a unguwa irin tamu. New Bell tun zamanin Jamusawa, lokacin da suka tashi mutanen Bell daga bakin ruwa a 1914, ta zama masaukin baƙi, Hausawa da Bamileke da Bassa da sauransu, kuma har yau bango jikin bango muke zaune. Wifin gida ɗaya yana ratsa gida huɗu. Kalmar sirrinsa kuwa ba ta zama wuri ɗaya: an ba ɗan haya, an ba baƙon da ya sauka daga Garwa, yaro ya nuna wa abokinsa a waya, abokin ya nuna wa nasa abokin. Duk wanda ya hau wifin nan ya shigo haɗin da kwamfutocinka suke ciki. In folda ba ta da kalmar sirri, da wayar hannu ma yana iya buɗe ta daga bakin titi. Yanzu tuna abin da ke ciki: hoton katin ɗan ƙasa da fasfo, takardun fili, sunayen masu bashi, hotunan iyali da matan gida.

Na san yadda zancen yake zuwa, domin yaran ne galibi ke haɗa wa iyaye. «Baba, a cire kalmar sirrin nan mana, ai duk gida ɗaya muke.» Amsar da ta dace ita ce: «Mu gida ɗaya muke, ɗana, amma wifin ba mu kaɗai ke kansa ba.» Ban da haka, Windows 11 ma, tun daga sabuntawar ƙarshen 2024, a kwamfutoci da yawa tana ƙin shiga foldar da ba ta tambayi suna da kalmar sirri ba. Wanda ya kashe tsaron don ya huta, sai ya tarar ya sayo wa kansa wata wahalar.

Ga yadda ake yi cikin sauƙi. A kwamfutar da fayilolin suke, buɗe sabon asusu don wannan aiki kaɗai. «Paramètres», «Comptes», «Autres utilisateurs», ƙara wani. Windows za ta nemi adireshin imel. Danna layin da ke cewa ba ka da bayanan shigar mutumin, sannan «Ajouter un utilisateur sans compte Microsoft». Sa masa suna, misali gida, ka ba shi kalmar sirri mai tsawo wadda ba ita ce ta wifi ba. Kada ka mai da shi mai cikakken iko, bar shi a talakan asusu. Dole ne ya kasance da kalmar sirri, domin Windows ba ta barin asusun da ba shi da ita ya shigo ta haɗi. Amfanin wannan dabara shi ne maigida ba sai ya ba kowa kalmar sirrin asusunsa ba, kuma ranar da aka yi zargin ta fita, ta asusun gida kaɗai za a sauya. Wanda ya nace sai ya shiga da asusunsa na Microsoft, ya sani imel da ainihin kalmar sirrinsa ake nema, ba lambobin nan huɗu ko shida da yake buɗe kwamfuta da su kullum ba. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa.

Sai folda. Kada ka raba faifan C gaba ɗaya, kada ka raba «Documents» ɗinka dungurungum. Buɗe sababbin foldodi biyu, in da hali a faifan D. Ɗaya ka kira ta Ajiya, ɗaya Musaya. Danna dama a kan kowacce, «Propriétés», «Partage», sai maɓallin «Partager». Zaɓi asusun gida, ka ƙara shi. A gefen sunansa za ka ga matakin izini. Ajiya ba ta «Lecture», wato a gani a kwafa amma ba a taɓawa. Musaya ba ta «Lecture/écriture», a zuba a kwashe. Hotuna da karatu da duk abin da ba ka son ya salwanta su zauna a Ajiya, kayan yau da gobe su bi ta Musaya.

Dalilin raba su biyu ba tsirfa ba ne. Fayil ɗin da aka goge ta haɗi ba ya zuwa kwandon shara, wato «Corbeille», na ko wace kwamfuta cikin biyun. Ya tafi ke nan. Yaro ɗan shekara bakwai da ya samu laftof a buɗe yana iya share hotunan auren iyayensa da dannawa biyu. Na biyu, ƙwayoyin cutar da ke kulle fayiloli su nemi fansa suna bin duk foldar da kwamfutar da suka kama take da ikon rubutu a ciki. In laftof ta kwaso irin wannan a waje, Musaya kaɗai za ta iya taɓawa.

Koma ɗaya kwamfutar. Riƙe maɓallin mai tambarin Windows ka danna R, ƙaramar taga za ta fito. Rubuta karkatattun sanduna biyu masu jingina baya, sannan sunan kwamfutar: \\TEBUR. A nan ne masu kibod na Faransa, wanda layin haruffansa na sama ya fara da AZERTY, suke tsayawa suna lalube, domin sandar ba ta da maɓallin kanta. Riƙe AltGr, wanda ke dama da dogon maɓallin tazara, ka danna 8 na layin lambobi na sama. Sandar da ke kusa da alamar tambaya, mai jingina gaba, ba ita ba ce. Za a tambaye ka suna da kalmar sirri. Rubuta TEBUR\gida a wurin suna, sa kalmar sirrin, ka yi alama a akwatin da ke cewa a tuna da su. Foldodin biyu za su bayyana. Danna dama a kan Musaya ka zaɓi «Connecter un lecteur réseau», a ba ta harafi, misali Z. Daga ranar za ta riƙa fitowa a «Ce PC» tamkar faifai na cikin laftof ɗin, har wanda bai san komai game da haɗi ba zai iya ja ya sauke.

Wanda ya haɗa da kebul kai tsaye, ba rawuta a tsakani, yana da ƙarin aiki. Ba mai raba adireshi, don haka in aka jira kamar minti ɗaya kowace kwamfuta za ta ba kanta wanda ya fara da 169.254. Wani lokaci hakan ma ya isa. Amma gara ka sa da hannunka. A tagar nan ta Windows da R rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Ethernet, «Propriétés», sai «Protocole Internet version 4», ka zaɓi «Utiliser l'adresse IP suivante». Ta tebur 192.168.50.1, laftof 192.168.50.2, layi na biyu a dukkansu 255.255.255.0, na uku a bar shi fayau. Na zaɓi 50 ne don kada ya yi karo da akwatunan intanet, waɗanda galibi 0 ko 1 ko 8 suke sawa a wannan gurbi. Lambobi ukun farko su zama iri ɗaya, na ƙarshe ya bambanta. Tarkon da ke nan shi ne Windows takan kira irin wannan haɗi «Réseau non identifié», ta ɗauke shi na jama'a, ta kuma ɓoye wurin sauyawa. Maganinsa a buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa a rubuta:

Set-NetConnectionProfile -InterfaceAlias "Ethernet" -NetworkCategory Private

Yana iya komawa yadda yake bayan an kashe an kunna, sai an sake. Wannan ɗawainiyar ce ta sa na ce tsohuwar rawuta ta cancanci kuɗinta. Ranar da za ka kai laftof wani ofis a jona mata kebul, ka tuna ka mayar da ita kan «Obtenir une adresse IP automatiquement», in ba haka ba ba za ta samu intanet ba.

In abin ya ƙi, kada ka fara da sauya saituna barkatai. Fara daga ƙasa. Fitilar bakin ramin kebul tana ƙiftawa? In ba ta yi, matsalar kebul ce ko rami. In tana yi, buɗe «Invite de commandes» a kwamfutar tebur ka rubuta ipconfig, ka kwafe adireshin da ke gaban IPv4. A laftof rubuta ping da wannan adireshi. In amsa tana dawowa, hanya lafiya, saura suna ko izini: gwada sandunan biyu da adireshin a maimakon sunan, domin sau da yawa suna yakan ƙi amma lamba ta yi. In ba amsa, koma ka duba ko ɗayarsu ta zame ta koma «Réseau public», ko laftof ta hau wifin baƙi, wanda da gangan aka tsara shi don ya raba na'urori da juna, ko kuma wata manhajar rigakafi da aka sa daban tana da tata katangar. In an taɓa sa kalmar sirri ba daidai ba aka ce a tuna da ita, je «Gestionnaire d'identification» ka goge ta. Akwai kuma dalilin da ya fi kowanne sauƙi: ta tebur ta yi barci. Kwamfutar da ke barci ba ta ba da fayil, don haka tsawaita lokacin barcinta a saitin wuta.

Akwai gyara ɗaya da nake roƙon kada ka yi. In ɗaya kwamfutar Windows XP ce, wani zai ce ka kunna SMB 1.0 a sabuwar don su fahimci juna. Ta wannan tsohon tsari ne ƙwayar WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017, ta kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Tun ƙarshen wannan shekarar Microsoft ta fara barinsa a kashe. In fayilolin XP kake so, a cire faifanta a sa a akwatin USB a kwashe. Windows 7 ba ta buƙatar wannan tsohon tsari, tana magana da 10 da 11 lafiya lau, sai dai an daina ba ta gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adin tallafinta na gama-gari ya cika 14 ga Oktoban 2025. Irin waɗannan su zauna a matsayin rumbu, a rage yawo da su a intanet.

Me za ka sa ran gani wajen gudu? In ramukan biyu da rawutar duk na gigabit ne, kusan megabait 100 a daƙiƙa, wato bidiyon biki mai gigabait 10 zai wuce cikin kamar minti biyu, in faifan ba tsoho tukuf ba ne. In akwai mai megabit 100 a tsakani, kusan megabait 11 a daƙiƙa, bidiyon nan zai ci kamar kwata. Wifi ba shi da tabbas, balle a unguwar da in ka buɗe waya za ka ga sunayen wifi sun cika allo, duk suna cinkoso a zango ɗaya na 2.4. In akwatinka yana da zangon 5, hau shi in kana ɗaki ɗaya da shi. Dubban ƙananan hotuna sun fi babban fayil ɗaya cin lokaci ko da nauyinsu ɗaya, don haka ƙulle su a zip kafin ka tura.

Wuta kuma ba ta sallama in za ta tafi. Laftof tana da batir, ta tebur da rawuta ba su da shi sai in akwai onduleur, wato akwatin batir mai riƙe wuta. Saboda haka kullum «Copier» za ka yi, ba «Couper» ba. Kwafa, ka buɗe biyu ko uku a can ka tabbata suna buɗuwa, ka gwada yawan fayiloli da nauyinsu a «Propriétés» na ɓangarorin biyu, sannan ka goge na asali in kana so. Don babban kwashe, Windows tana da umarni mai suna robocopy wanda in an yanke yake ɗorawa daga inda ya tsaya. A «Invite de commandes» na laftof ake rubuta shi:

robocopy Z:\Hotuna D:\Hotuna /E /Z

In ka sake buga shi bayan wuta ta dawo, zai tsallake waɗanda suka riga suka iso. Da irin wannan layin kana iya kwafe lissafin shago zuwa ɗaya kwamfutar duk Juma'a. Sai dai ka sani kwamfuta biyu a gida ɗaya, a kan layin wuta ɗaya, abin da ya sami ɗaya yana iya samun ɗayar, ruwa ne ko ɓarawo ko wuta mai ƙarfi. Takardun da ba su da madadi a ƙara musu kwafi na uku a faifan waje, a ajiye shi a shago ko gidan ɗan'uwa.

Wanda buƙatarsa ba ta wuce tura fayil ɗaya ko biyu jefi-jefi ba, ko yana son wayoyin gidan su shigo ciki, akwai manhaja kyauta mai suna LocalSend. Tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone, kuma duk wanda ya saba da Xender zai gane ta nan take. A sauke ta sau ɗaya a kowace na'ura, daga nan ba ta neman data, wifi ko rawuta ɗaya kawai take so, kuma sai mai karɓa ya amince kafin abu ya shiga. Mai Mac da yake son foldodin da muka buɗe, a Finder zai danna Command da K ya rubuta smb:// da adireshin ta tebur.

Firintar da ke jone da kwamfutar tebur ita ma ana iya raba ta, daga «Imprimantes et scanners», a shafin «Partage» na bayananta. Tsakanin Windows 10 da 11 yawanci tana tafiya. Tsakanin Windows 7 da sababbin kuwa, tun gyare-gyaren tsaro na 2021, takan yi gardama da saƙonnin kuskure masu dogayen lambobi. In ka gamu da haka kada ka ɓata yininka: a laftof ajiye takardar a matsayin PDF, jefa ta cikin Musaya, ka je ta tebur ka buga.